Ƙwallon ƙafa a yankunan Sudan

Ƙwallon ƙafa shi ne wasan da ya fi farin jini a Sudan, sai dai ƙarfinsa bai rarrabu daidai a faɗin ƙasar ba. Garuruwan larduna suna renon yara, birnin Omdurman kuma yana kwashe gwanayen cikinsu.

Tarihi

Wasan ya shigo ne wajen farkon ƙarni na 20, zamanin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, ta hannun sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da makarantu irin su Kwalejin Gordon. Shi ya sa ya fara kama ƙasa a garuruwan da layin dogo ya ratsa: Kartum, Atbara mai hedkwatar jiragen ƙasa, Port Sudan da Wad Madani. An kafa hukumar ƙwallon ƙasar a 1936, ta shiga FIFA a 1948. A Kartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) a 1957, Sudan tare da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu, a can kuma aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a wannan shekara. A 1970 Sudan ta sake karɓar baƙuncin gasar a Kartum da Wad Madani, ta doke Ghana da ci 1-0 a wasan ƙarshe. Ana tuna Jaksa da Ali Gagarin cikin taurarin wancan zamani.

A 1976 gwamnatin Shugaba Numeiri ta rusa kulob-kulob da sunan mayar da wasanni hannun jama'a. Matakin bai daɗe ba, amma da yawa na ɗora masa alhakin koma-bayan da ya biyo.

Omdurman da larduna

Al-Hilal, wadda aka kafa a 1930, da Al-Merrikh, wadda ke ƙirga asalinta daga 1908, duka biyun na Omdurman, su ne suka mamaye gasar ƙasa tun da aka fara ta a shekarun 1960. Merrikh ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1989 bayan ta doke Bendel United ta Najeriya. Hilal ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1987 da 1992, ba ta ɗauka ba. Kuɗi da jaridun wasanni da magoya baya duk suna wajensu, don haka yaron da ya yi fice a Al-Amal ta Atbara, ko Hay al-Arab ta Port Sudan, ko Al-Ahli ta Madani, da wuya ya daɗe a garinsu. Kulob ɗin da ya raine shi sai ya koma neman wani. Hilal ta Port Sudan (daban take da ta Omdurman), wadda ta ci gasar a 1992, tana cikin ƙalilan ɗin da suka taɓa karya wannan kaka-gida.

Kulob-kulob na Darfur da Kordofan, daga El-Fasher da Nyala da El-Obeid da Kadugli, sun yi jinkirin samun gurbi a babban rukuni, nisan hanya da ƙarancin kuɗi suna cikin dalilan.

Dafuri

Makarantar farko ta ɗan wasan Sudan ita ce dafuri, wato ƙwallon unguwa. Bayan la'asar yara kan fito fili mai ƙura, a ajiye duwatsu biyu a matsayin raga, a yi ta bugu ba takalmi har kiran magariba. A da tsohuwar safa ake cusa wa tsumma ta zama ƙwallo. 'Ya'yan Hausawa a Mai Wurno da Gadarif da Kasala da ƙauyukan Jazira a wannan fili suke tasowa tare da maƙwabtansu, kuma gida ɗaya kan rabu biyu, wani ɗan Hilal, ƙaninsa ɗan Merrikh. Daga nan ake shiga ƙungiyoyin matasa na unguwanni da gasannin dare na watan azumi, inda masu farautar 'yan wasa kan zo kallo. Makarantun horaswa na zamani kaɗan ne, akasarinsu a babban birni.

Bayan 2023

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da gasar ƙasa, ya tarwatsa iyalai. Hilal da Merrikh sun buga kakar 2024/25 a gasar Mauritaniya. Tawagar ƙasar, a ƙarƙashin Kwesi Appiah ɗan Ghana, ta samu tikitin kofin Afirka na 2025 tana buga wasanninta na gida a ƙasashen waje.