Enzayim mai narka kitse a cikin sanyi

Laifes suna ne na wani rukunin enzayim, wato furotin da ke gaggauta sauyin sinadarai a jikin halittu, wanda aikinsa farfasa mai da kitse zuwa gilisarol da asid ɗin kitse. Akwai shi a hanjin mutum da 'ya'yan tsirrai da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Nau'in da ake magana a kai a nan shi ne wanda bakteriyar wurare masu sanyi ke fitarwa, wanda ke aiki sosai daga digiri 0 zuwa wajen 30 a ma'aunin Salshiyas.

Ana samun waɗannan bakteriya a ƙanƙarar Antaktika, da ƙasan teku inda ruwa ba ya wuce digiri 4, da duwatsun Himalaya, har ma da cikin firij. A shekarar 1975 masanin Amurka Richard Morita ya ware su gida biyu: waɗanda suka fi bunƙasa a digiri 15 ko ƙasa da haka, da waɗanda ke jure sanyi kawai amma sun fi son ɗan ɗumi. Fitattun dangoginsu sun haɗa da Pseudomonas, Psychrobacter, Moraxella da Acinetobacter.

Duk wanda ya ga man shanu ya daskare da sanyin safiya a Zariya lokacin hunturu ya san rabin matsalar. Sanyi yana sandarar da kitse, yana kuma rage saurin haɗuwar sinadarai. A ƙiyasi, duk saukar digiri 10 tana rage saurin da kusan rabi. Enzayim na yau da kullum shi ma sandarewa yake yi, ya kasa lanƙwasawa ya kama abin da zai farfasa. Na sanyi kuwa an saƙa shi sako-sako. Ƙulle-ƙullen da ke riƙe jikinsa kaɗan ne, sau da yawa kuma, a cikin ƙananan asid ɗin da ake gina furotin da su, yana da ƙarancin furolin da arjinin, waɗanda ke ƙara wa furotin tauri, da yalwar gilaisin mai sa laushi. Bakin da ke yanka kitsen bai sauya ba, asid uku ne dai kamar na sauran danginsa: serin, histidin da asfatet. Jikin da ke kewaye da su ne ya yi laushi. Wannan laushi da kuɗinsa, domin da zafi ya haura digiri 40 zuwa 50 yawancinsu sai su warware su daina aiki.

Masana'antu wannan rauni suke so. Mai sarrafa cuku zai sa enzayim ya fito da ƙamshi a cikin sanyi, inda ƙwayoyin ruɓa ba sa yaɗuwa da sauri, in ya kai yadda yake so ya ɗan ɗumama ya tsayar da shi ba tare da ya dafa kayan ba. Masu haɗa magunguna da kayan ƙamshi ma suna bin wannan hanya, saboda sinadaransu ba sa son wuta.

Babbar kasuwar dai ita ce sabulun wanki. Laifes na farko da ya shiga garin sabulu da yawa shi ne Lipolase na kamfanin Novo na Danmak a 1988, amma daga naman gwari aka samo shi. Na bakteriya, Lumafast da Lipomax, daga dangin Pseudomonas suka fito daga baya. A Turai burin shi ne a rage wutar da injin wanki ke ci wajen dafa ruwa. A nan kuwa, inda da ruwan rijiya ko na famfo ake wanki, abin da Bature ke kira wankin sanyi shi ne wankinmu na kullum, kuma tabon manja a rigar yadi shi ne gwajin gaskiya.

Sai jimar fata. Fatar tumaki tana da maiƙo fiye da ta awaki, kuma in ba a cire shi ba rini ba ya kamawa daidai. Laifes yana cire maiƙon ba tare da an zuba sinadaran narkarwa masu gurɓata ruwa ba, batun da ya shafi aikin cibiyar binciken fata ta ƙasa da ke Samaru. Ana kuma amfani da shi wajen tsabtace ruwan datti mai maiƙo a ƙasashen sanyi, da juya man tsirrai zuwa man dizal.

Akwai inda ya zama annoba. Madarar da ta kwana biyu ko uku a firij kafin a dafa ta wuri ce ta Pseudomonas fluorescens. Dafawa tana kashe bakteriyar, amma laifes ɗinta ya saɓa wa ƙa'idar danginsa: yana jure zafi, har na madarar kwali da ake kaiwa digiri 135. Sai ya ci gaba da farfasa kitsen a cikin kwalin da ke rufe, madarar ta yi ɗaci da warin tsohon mai tun wa'adinta bai cika ba. Shi ya sa masu tattara madara daga rugage ke lura da yawan kwanakin da ta yi a sanyi, ba da sanyin kaɗai ba.