Ingancin Ruwa da Tsiron Alkama

Ingancin ruwan ban ruwa na nufin yawan gishiri, ma'adinai da sinadaran da suka narke a cikinsa. Ba a gane shi da ido: ruwan rijiya na iya fitowa garau amma zartsi ne, ruwan kogi kuma ya zo da laka amma bai da illa ga shuka. Alkama ta fi jin wannan bambanci a makonnin farko, daga tsirowa zuwa lokacin da za ta fara fitar da rassa daga gindi.

Babbar matsalar ita ce gishiri. Ƙwayar alkama sai ta sha ruwa ta kumbura kafin ta fasa. Idan gishiri ya yi yawa a ƙasa, sai ya riƙe ruwan, ƙwayar ta zauna cikin danshi amma da ƙishirwa. Tsirowa ta yi jinkiri, saiwa ta gajarce, bakin ganye ya ƙone, gona ta fito da gurbi-gurbi. Ana auna gishirin da yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, da ma'aunin dS/m. Ƙa'idojin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985 sun nuna cewa ruwan da bai kai 0.7 ba ba shi da matsala, wanda ya haura 3.0 kuwa sai an yi hattara sosai. Alkamar da ta girma tana jure gishirin ƙasa har zuwa 6.0, daga nan amfanin yake raguwa da kusan kashi 7 cikin 100 a kowane ƙarin maki ɗaya. Tsiro bai kai haka ƙarfi ba. Ana so gishirin saman ƙasa kada ya wuce 4 zuwa 5.

Sodiyam kuma, wani sinadari da ke cikin gishiri, ta ƙasa yake ɓarna. Yana wargaza yumɓu, saman kunya ya bushe ya yi ɓawo mai tauri, tsiron ya kasa huda shi, sai a tono a tarar ya lanƙwashe a ƙarƙashi. Shi ya sa ruwan da aka tausasa da gishiri a gidaje don sabulu ya yi kumfa bai dace da shuka ba, ko da ya yi daɗin wanki.

Ruwan kwata da aka tace yana ɗauke da naitirojin da fosforos, tamkar taki. Na masana'antu daban ne. Majemun fata irin na Challawa da Sharaɗa a Kano suna fitar da ruwa mai kiromiyam, wani ƙarfe mai guba wanda ke hana saiwa tsawo. Iyakar da aka shata masa a ruwan ban ruwa ita ce miligiram 0.1 a lita, ta kadmiyam kuwa, wani ƙarfen mai guba, 0.01.

Gyara ya danganta da cutar. Tacewa da barin ruwa ya kwanta suna cire datti, kulorin na kashe ƙwayoyin cuta, amma duk ba sa taɓa gishirin da ya narke. Manoma kan gauraya ruwan zartsi da mai daɗi, ko su zuba jifsam, wani farin ma'adini, don kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya kori sodiyam, ko su cika fili da ruwa kafin shuka don ya wanke gishirin zuwa ƙasa. Wankin ba ya yiwuwa sai da magudanar ruwa. In babu, ruwan ya kwanta, saiwa ta rasa iska, tsiron ya yi rawaya.