Rinin Kano da fataucinsa kafin zuwan Turawa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa da an ce rini sai a ambaci Ƙofar Mata?

Don ita ce ta rage a idon jama'a. Ana cewa tun 1498 aka haƙa ramukanta, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma a da karofi, wato wurin ramukan rini, bai tsaya a birni ba, garuruwan ƙasar Kano cike suke da shi. Kura ma har rawani ya ci sunanta, ɗan Kura.

Yaya ake yin rinin?

Rami ne mai zurfi da aka shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. A zuba ruwa, a sa baba da toka da katsi, wato ragowar tsohon rini da ke kwanta a ƙasan rami, a yi kwanaki ana motsawa har ya nuna. Marini ya tsoma zane ya ɗago, sai ya fito kore-kore, iska na taɓa shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. Haka zai yi ta tsomawa yana shanyawa har launin ya kusa zama baƙi.

Daga nan sai gidan bugu, kuma ni a ganina nan ne gwanintar take, duk da ba a cika yabon masu yinta ba. Za su ɗora zanen a kan gungume, su barbaɗa masa shuni, su yi ta dukansa da itace mai nauyi har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Wannan shunin ne ke zuba a fatar Abzinawa masu naɗa rawanin, kuma su ado suka ɗauke shi.

Su wa ke saye?

Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ga tufafinta na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 300 a shekara. Ayarin Abzinawa kan sauke kantun gishirin Bilma, ya koma da hatsi da turkudi, wato zane mai shuni. Fatake kuma su bi madugu zuwa Gwanja, su dawo da goro daga Salaga.

Aikin marina ne kaɗai?

Ina! Mata ne ke gurzar auduga su kaɗa zare da mazari a cikin gida. Masaƙa su saƙa sawaye 'yan sirara, maɗinka su harhaɗa su. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba: a ƙarni na 19, bayi da ke zaune a rinji, wato ƙauyukan noma na bayi, sun noma kaso mai yawa na audugar da baban. Guminsu na cikin wannan arziki.

To me ya durƙusar da sana'ar?

Sojojin Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, fatauci ya juya daga hamada zuwa Legas. Sannu a hankali yadin kanti mai araha da rinin bature suka cika kasuwa, karofi da yawa suka cike da ƙasa.