Dokar da ke taka wa ƙarar gajiyar da ɗan jarida birki

A 1971 wata 'yar jarida a birnin New York, Paulette Cooper, ta fitar da littafi tana bankaɗo abin da ta gano game da Scientology, wata ƙungiyar addini da aka kafa a Amurka. Kafin ƙura ta lafa, ƙungiyar ta maka ta a kotu har sau 19, a Amurka da wasu ƙasashe. Kowace ƙara sai an ɗauki lauya, sai zirga-zirga, sai kuɗin da marubuciya mai cin gashin kanta ba ta da su. Wanda ya kafa ƙungiyar, L. Ron Hubbard, tun 1955 ya rubuta cewa amfanin ƙara shi ne a takura wa mutum, a karya masa gwiwa, ko da ba a ci shari'ar ba.

Irin wannan ƙara ce wasu malaman Jami'ar Denver, George Pring da Penelope Canan, suka raɗa wa suna SLAPP, wato ƙarar da aka shigar don toshe bakin mai magana kan abin da ya shafi jama'a. A 1992 jihar Kalifoniya ta yi dokar maganinta, sashe na 425.16 na dokokin shari'ar farar hula.

Idan an kai ka ƙara kan abin da ka faɗa ko ka rubuta, kana da kwana 60 daga ranar da sammaci ya iso hannunka ka nemi alƙali ya yi watsi da ita. Da zarar ka shigar da buƙatar, sai a dakatar da neman takardu da yi wa shaidu tambayoyi, kuma dama nan ne kuɗi ke zurarewa. Kai za ka fara nuna cewa maganar ta shafi jama'a. Daga nan nauyi ya koma kan mai ƙara, ya kawo hujjar cewa yana iya cin shari'ar. In ya kasa, a kori ƙarar, kuma shi zai biya kuɗin lauyanka. A ganina wannan biyan shi ne ƙashin bayan dokar, domin mai hannu da shuni ba ya jin zafin faɗuwa a kotu matuƙar ya riga ya talauta abokin shari'arsa. Wanda kuma ya fake da dokar ba gaira ba dalili, shi ma zai biya.

Ita kanta Scientology dokar ta hau kanta. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta tabbatar da korar ƙarar da ƙungiyar ta shigar kan tsohon mambanta, Lawrence Wollersheim.

Amma dokar jiha ce, gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da irinta har yau. Kuma ƙara kaɗai take tarewa. Abin da ya fi jijjiga Cooper, takardar wasiƙarta mai ɗauke da zanen yatsanta aka samu, aka rubuta barazanar tayar da bam a kai. A 1973 aka tuhume ta, tana fuskantar ɗaurin shekara 15 kan laifin da ba ta aikata ba. Sai a 1977, da jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka kai samame ofisoshin ƙungiyar a Los Angeles da Washington, aka gano takardun ƙullin, har da wani shiri na ganin an jefa ta kurkuku ko asibitin masu taɓin hankali.