Talotalon Daji a Kewayen Gidajen Karkara na Amurka

Talotalon daji babban tsuntsu ne ɗan asalin Amurka ta Arewa, wanda masana ke kira Meleagris gallopavo. Ana samunsa a jihohi 49 na ƙasar Amurka, wato ko'ina ban da Alaska, da kudancin Kanada da wasu sassan Meziko. Daga ƙarshen ƙarni na 20 zuwa yau ya zama maƙwabcin yau da kullum ga mazauna karkara da unguwannin bayan gari, yana kiwo a filayen gidajensu, yana kwana a bishiyoyinsu, wani lokaci har ya tare musu ƙofa.

Shi ne kakan talotalon da ake kiwo a gida. Mutanen Meziko na dā ne suka fara kiwonsa, Turawan Sifen suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya har ya iso ƙasar Hausa. Wani abin sha'awa, kalmar Meleagris sunan zabo ne a harshen Girka, domin Turawan farko sun riƙa rikita tsuntsayen biyu.

Siffa da rayuwa

Namiji kan kai kilo 5 zuwa 11, mace kuwa ba ta cika wuce rabin haka ba. Gashinsu duhu ne mai sheƙin tagulla. Kan namiji ba gashi, kuma launinsa na sauyawa tsakanin ja da fari da shuɗi gwargwadon halin da yake ciki. Yana da wani tuntun gashi mai kauri da ke reto a ƙirjinsa, wanda mafarauta ke kira gemu, da tsini mai kaifi a bayan kowace ƙafa irin na zakara, wanda da shi yake faɗa. Wanda ya saba da talotalon gida mai nauyin jiki zai yi mamakin wannan: yana gudun kusan kilomita 40 a awa, yana kuma tashi sama da ƙarfi, ko da yake ba ya nisa. Da magariba garken kan hau manyan bishiyoyi ya kwana, da asuba ya sauko.

Ba ya zaɓen abinci. Yana cin 'ya'yan bishiyar oak da sauran ƙwayoyin daji, da tsabar ciyawa, da 'ya'yan itatuwa, da fara, da katantanwa. Daga Maris zuwa Mayu ne lokacin barbara, inda namiji ke buɗe wutsiya kamar mafici, ya ja fikafikai a ƙasa, ya yi ta kukan da ake iya ji daga nisan fiye da kilomita ɗaya. Mace na tone ɗan rami a ƙasa cikin duhuwa, ta yi ƙwai 10 zuwa 12, ta yi kwanci na kwana 28. 'Yan tsakin kan bar sheƙa cikin kwana guda, amma sai sun yi kamar mako biyu kafin su iya hawa reshe, kuma a wannan tsakanin ne shaho da mujiya da yanyawa da ruwan sama mai sanyi ke kashe da yawa daga cikinsu.

Yadda ya ɓace, yadda ya dawo

Ba za a gane dalilin da ya sa tsuntsun ya cika gidajen mutane ba sai an san cewa saura ƙiris ya ƙare. Turawan da suka mamaye Amurka sun sare dazuzzuka don noma, sun kuma yi ta harbinsa ba ƙa'ida. A jihar Massachusetts an daina ganinsa tun 1851. Zuwa shekarun 1930 ya ɓace daga jihohi da dama, sai 'yan tsirarun da suka fake a fadamu da duwatsu masu wuyar shiga.

Abubuwa uku suka ceto shi. Manoma sun yi ta barin gonaki marasa albarka suna komawa birane, daji ya sake tsirowa. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai don aikin kare namun daji. Sai kuma aka gano dabarar kama su. Da farko hukumomi sun ɓarnatar da kuɗi wajen ƙyanƙyashe su a keji suna saki, amma tsuntsun da bai tashi a bayan uwarsa ba bai san yadda ake tsira a daji ba, kusan duk suka mutu. A farkon shekarun 1950 aka fara amfani da wata raga da ake harbawa da albarushi ta rufe garke gaba ɗaya yayin da yake cin tsabar da aka zuba masa. Da ita aka riƙa kama na daji na gaske ana kai su wuraren da babu. Massachusetts ta karɓo guda 37 daga jihar New York a 1972 da 1973, ta sake su a yankin Berkshire. Yau ana ƙiyasta akwai fiye da 30,000 a jihar. A 1973, shekarar da aka kafa ƙungiyar kare talotalon daji mai suna National Wild Turkey Federation, ƙiyasin ƙasar duka kusan miliyan 1.3 ne. A farkon shekarun 2000 ya kai kusan miliyan 7, kafin ya ɗan ja baya, musamman a jihohin kudu maso gabas.

Masanan da suka fara aikin dawo da shi sun ɗauka sai ƙungurmin daji ne zai riƙe shi. Ashe abin da ya fi so shi ne wurin da daji ya haɗu da fili: bishiyoyin kwana, ciyawar da aka aske mai ƙwari, duhuwar yin ƙwai. Wannan kuwa ita ce siffar gidan karkara na Amurka, wanda galibi ba shi da katanga, ga shi kuma ba a harbi kusa da gidaje.

Zaman tare

Yawancin zaman lafiya ake yi. Garke na 10 ko 20 kan ratsa fili da safe yana tono, ya wuce. Masu gida da yawa na murna da ganinsu, suna ɗaukar hoto ta taga, har suna ƙirga 'yan tsaki don hukumomin jiha da ke neman rahoton jama'a a watannin Yuni zuwa Agusta.

Ɓarnar da suke yi ƙarama ce amma mai cin rai. Suna tone ganyen da aka shimfiɗa a gindin furanni, suna wankan ƙasa a kwamin da aka shuka kayan lambu, suna tsinke tumatir da inabi, suna bar wa mai gida kashi a baranda da kan mota. Idan suka mai da rufin gida wurin kwana, hayaniyar asuba ta ishi kowa. A lokacin hunturu, idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, sukan taru da yawa a gonakin kiwon shanun madara, suna tsince masara daga abincin shanu da takin da aka watsa a gona. Game da amfanin gona kuwa, sau da yawa laifin wani ake ɗora musu. Binciken da aka yi a jihohi irin su Indiana da Wisconsin ya nuna barewa da rakun, wata dabba mai yawon dare, su ke yin mafi yawan ɓarnar masara, sai gari ya waye manomi ya tarar da talotalo a gonar yana tsintar abin da ya zube. Shi aka gani, shi ya sha zargi.

Babbar matsalar ita ce raini, kuma ciyarwa ke haifar da ita. Talotalo tsuntsu ne mai matakan girma a cikin garke: kowa ya san wanda zai tsatsaga da wanda zai kauce wa. Talotalon da ya saba samun tsaba a hannun mutane, ko a ƙarƙashin mazubin da Amurkawa ke ratayewa don ƙananan tsuntsaye, yakan daina tsoro, daga nan sai ya sa mutanen gidan cikin lissafinsa. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Mutumin da ya taɓa ja da baya a gabansa ya zama na ƙasa da shi. Namiji zai tunkaro da wutsiya a buɗe, ya zagaya mutum, ya buge shi da fiffike, ya kai sara da baki ko ya yi tsalle da tsinin ƙafa. Yara da tsofaffi da masu raba wasiƙu su suka fi shan wannan, kuma garin Brookline da ke gefen Boston ya yi suna a jaridu saboda irin waɗannan koke-koke.

Haka yake yi wa inuwarsa. Idan ya hango kansa a jikin mota mai sheƙi ko ƙofar gilashi, sai ya ɗauka abokin gaba ne. Zai tsaya yana sara, ya leƙa bayan motar ya ga ba kowa, ya dawo ya ci gaba, har ya kankare fenti. Maganin wannan mai sauƙi ne: a lulluɓe motar ko a manna takarda a gilashin har lokacin barbara ya wuce.

Shawarar hukumomin namun daji kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Kada a ba su abinci, a sauke mazubin tsaba ko a share abin da ya zube, a kewaye lambu da raga. In tsuntsu ya tunkaro, kada a juya masa baya: a daka masa tsawa, a buɗe lema a fuskarsa, a kore shi da tsintsiya ko ruwan tiyo. Kare da ke ɗaure da igiya ma yana aiki. Sai dai duk wannan ba ya tasiri in maƙwabci ɗaya na ci gaba da zuba masara a bayan gidansa, shi ya sa rikicin talotalo kan rikiɗe ya zama rikicin maƙwabta, har wasu garuruwa suka kafa dokar hana ciyar da su. Ciyarwar ba ta ma amfanar tsuntsun. Taruwa wuri ɗaya na yaɗa cutar ƙuraje a tsakaninsu, masarar da ta yi fumfuna na ɗauke da guba, kuma cuɗanya da kaji na iya sa musu wata cutar hanta da kajin ke ɗauke da ita ba tare da ta kwantar da su ba.

Matsayinsa a doka

Talotalon daji ba mallakin mai fili ba ne ko da a gonarsa ya ƙyanƙyashe. Hukumar namun daji ta kowace jiha ke da iko da shi. Ana farautarsa da lasisi a ƙayyadaddun makonni, a bazara masu gemu kaɗai, wasu jihohin kuma su ƙara wani lokaci a kaka. Ɗibar ƙwansa ko kama shi don kiwo haramun ne a yawancin jihohi. Mai lambun da ya tarar da sheƙa a gindin shinge ana so ya bar wurin ba yankan ciyawa har mako huɗu su cika. Tsuntsun da ya riga ya saba kai wa mutane hari kuwa ba a cika ɗauke shi zuwa wani wuri ba, domin da halinsa zai tafi. Galibi jami'ai kashe shi suke yi.