Wanke akwatin kifi tas ba ya hana cuta

Mutane da yawa, da zarar sun ga jelar kifinsu na ado ta fara zagwanyewa, sai su zubar da ruwan akwatin gilashin kaf, su wanke soson tace ruwa a bakin famfo. A nan ɓarnar take.

Soson nan gida ne na bakteriya masu amfani, su ke sarrafa gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi. Kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, yana kashe waɗannan bakteriya. Sai gubar ta taru, kifi ya galabaita, bakteriya masu sa cuta irin Aeromonas, waɗanda dama suna cikin ruwan, su samu ƙofa.

Canza kusan kwatan ruwan duk mako ya wadatar. Soson kuwa, a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da aka kwashe.