Mastodon

Mastodon dandalin sada zumunta ne na intanet wanda babu kamfani ɗaya da ya mallake shi. Eugen Rochko, wani matashi mai rubuta manhaja a Jamus, ya fito da shi a shekarar 2016. Manhajar a buɗe take, kowa na iya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kafa tasa kyauta.

Tsarinsa ya yi kama da gari mai unguwanni. Akwai dubban sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da asusun mutane, kowace da mai kula da ita da dokokinta. Wanda ya yi rajista a ɗaya zai iya bin wanda ke wata, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo saƙo. Abin da ya haɗa su shi ne ƙa'idar ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da ita a 2018. Babu talla, kuma saƙonni na zuwa ne bi da bi yadda aka rubuta su.

Amfanin wannan tsari ba ƙarami ba ne. A 2021 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter na wata bakwai, abin da ya zo da sauƙi domin ƙofa ɗaya ce. Toshe ƙofofi dubbai ya fi wuya. Unguwanni kuma na iya ƙaurace wa mai ɓarna: da dandalin Gab ya koma kan manhajar Mastodon a 2019, sabobi da yawa suka yanke hulɗa da shi saboda kalaman ƙiyayya.

Babban gwajinsa ya zo a ƙarshen 2022, bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44. Masu amfani da Mastodon duk wata suka haura miliyan 2, sannan da yawa suka koma inda suka fito. Laifin ba na fasahar ba ne. Mutum yana zuwa dandali ne don 'yan uwa da abokai da masu sayen hajarsa, in bai tarar da su ba, ba zai zauna ba. Ga kuma nauyin da ke kan masu sabobi. Yawancinsu 'yan sa kai ne, da gudummawa suke biyan kuɗin saba, su ne kuma ke kwana share zagi da ƙarya. Idan ɗaya ya gaji zai rufe, mutanensa na iya ƙaura da mabiyansu kafin ya rufe, amma tsofaffin rubuce-rubucensu ba sa bin su.

A 2024 dandalin Threads na Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya fara haɗuwa da ActivityPub. Wasu sabobin sun yi maraba, wasu sun toshe shi tun kafin ya iso.